Kafin Ka Buɗe Cikin Ɓera

Kafur,
Ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada.

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka irin gaisuwar da ban taɓa iya yi maka da baki ba. Ina fatan takardar nan za ta same ka a Zariya kafin ka kama hanyar Kano ka hau jirgi. Ubangiji ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama, ya sauke ka Ingila lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki. Uwarka tana gaishe ka. Labarin gida ba zan ba ka ba, auduga tana nan yadda ka bar ta, akuyar nan ma har yau ba ta haihu ba. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai, ka karanta har ƙarshe, in ya so daga baya ka yi fushin.

Ka tuna ranar da ka zo yi mana sallama, muna zaune gindin darbejiyar ƙofar gida da hantsi, na tambaye ka wane irin karatu ne wannan da Zariya ta kasa, sai an ƙetare teku. Ka ce ɓeraye za ka je ka yi aiki a kansu. Na yi dariya har da tari. Na ce ashe duk kuɗin makarantar da na sayar da dawa na biya, kiwon ɓera na koya maka, da ka faɗa tun farko ai da na buɗe maka rumbu ka yi digirinka a ciki. Ba ka yi fushi ba. Ka ɗauki tsinke kana zane a ƙasa, kana yi mini bayani a hankali kamar yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya.

Ka ce akwai ɓeraye gida biyu, kowane gida da zuriyarsa. Abinci ɗaya suke ci, ruwa ɗaya suke sha, kuma guba iri ɗaya ake ba su daidai wa daida. Amma sai 'yan gida ɗaya ciwon daji ya tsiro musu a hanji, 'yan ɗaya gidan kuwa su yi ta tsalle abinsu. Ka zana mini bangon hanji, ka ce akwai 'yan ramuka a jikinsa, kuma a ƙasan kowane rami akwai uwar ƙwayoyi wadda ke ta haifar sababbi don su maye waɗanda suka goge. In uwar nan ta samu lahani, duk abin da ta haifa da lahanin zai fito. Ka ce abin da kuke so ku gano shi ne dalilin da ya sa uwar ƙwayoyin wani gida ke saurin lalacewa, ta wani gida kuwa ta jure.

Daga nan dariyata ta ɗauke. Kai kana kallon zanenka, ba ka lura ba. Sai ka ɗago kai ka ce, "Baba, wai me ya kashe Kaka ne? Baba Tanko fa?"

Na ce, "Kakanka tsufa ne. Tanko kuwa giya ce ta cinye masa hanta."

Ka ce, "To, Allah ya ji ƙansu," ka shafe zanen da tafin ƙafarka.

Ƙarya na yi maka. Duka biyun ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne lokacin da take fita daga bakina. Ni da nake tsayawa gaban jama'a ran Lahadi ina karanta musu Littafi, na dubi ɗan cikina na shirga masa ƙarya a kan abin da zai iya kashe shi. Yau zan warware ta.

Kakanka Nomau bai tsufa ba. Ko furfurar kirki bai yi ba. Mutum ne da ke riƙe garma tun fitowar rana har ta take tsaka bai miƙe ba. Ina makarantar mishan a lokacin, na dawo hutu na tarar wandonsa ya yi masa yawa, ya ƙara wa mazagi ƙulli. Yana yawan zagayawa bayan gida, in ya dawo sai ya jingina da bango yana haki. Wata rana na bi sawunsa na ga jini a ƙasa, ya tura ƙura da ƙafa ya rufe. Ka san mutanenmu na wancan lokaci, addinin gargajiya suke bi. Dattawa suka taru suka ce kan gida ne ya yi fushi, wato iskan da gidanmu ke yi wa yanka, don an bar ɗa ya tafi wurin Turawan mishan. Aka yanka jan zakara, aka yanka baƙin bunsuru, aka zuba giya a gindin tsamiya. Kakanka ya kira ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙyale su, Dauda. Wanga abu ba kai ka jawo shi ba. Haka ubana ya yi, ina gani." Kafin a sare dawa ya rasu.

Ka ga kuskurena na farko. Ya faɗa mini da bakinsa cewa haka ubansa ya yi, amma ban ji ba. Hankalina yana kan jin haushin dattawan da suka ɗora mini laifi. Na ce duhun kai ne, na tattara maganarsu da tasa na watsar gaba ɗaya, ina ganin ni na waye. Kada ka yi irin wayewata. In tsoho ya ce maka abu kaza ya taɓa faruwa a gidanku, ko da ya haɗa da zancen iskoki, ka zubar da iskokin ka riƙe abin da idonsa ya gani.

Sai Tanko, ƙanena. Shi bai bi ni coci ba, kuma gaskiya yana shan giyarsa ran kasuwa, shi ya sa ƙaryar ta zo mini da sauƙi. Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, kana sakandare, ya fara ramewa. Ya ce basir ne. Ni ma na ce basir ne, har ni na riƙa sayo masa jiƙon sassaƙe a kasuwar Malumfashi. Sai da cikinsa ya kumbura, kwana huɗu ba ya iya zagayawa, sannan na ɗora shi a bayan wata a-kori-kura na kai shi asibiti. Aka yi masa aiki. Da aka fito, likitan ya sa aka kira ni ofishinsa, wani dogon mutum mai tabarau, da nas tana yi mana tafinta inda Turancina ya gaza.

Ya ce hanjin ƙanena cike yake da ƙananan tsiro, kamar an watsa wake a jikin bango, kuma ɗaya daga cikinsu ya rikiɗe ya zama daji, ya toshe hanya. Ya ce an makara. Sannan ya tambaye ni yadda ubanmu ya mutu. Da na faɗa masa, ya cire tabaransa ya ajiye. Ya ce wannan abu gado ne, yana bin jini, wani ɗa ya ɗauko, wani ya tsira, kuma ba a sanin wanda ya ɗauko sai an leƙa. In an gani da wuri, ana yanke wurin mutum ya rayu har ya ga jikokinsa. Ya rubuta takarda ya ba ni, ya ce in kai kaina da 'ya'yana babban asibitin Zariya a duba mu.

Na ce, "Likita, yaya ake dubawar?"

Nas ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ta ƙasa ake sa wani bututu mai fitila."

Na ce na gode. Na ninke takardar gida huɗu, na zo gida na sa ta a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin takardar shaidar aikina. Tanko ya yi kwana tara ya cika. A kwanakin nan ya taɓa ce mini, "Yaya, mi likita ya ce maka?" Na ce ya ce za ka warke. Ya yi murmushi ya ce, "Kai dai ba ka iya ƙarya ba." Ashe bai san ni ba.

Za ka tambaya me ya sa. Ni ma na sha tambayar kaina, kuma amsoshin duk ba su da kyan gani. Na farko, kunya. A ce ni Malam Dauda, malamin gona, dattijon coci, in tuɓe wando in yi goho gaban wani ƙato, watakila ma da yarinyar nas tsaye tana riƙe da fitila. Na ce gara in mutu da mutuncina. Na biyu, ka san al'adarmu in an zo neman aure. Kafin a kai goro sai an aika a bincika gidan, ko akwai kuturta, ko farfaɗiya, ko taɓin hankali. In aka ji motar asibiti ta kwashi gidan Dauda gaba ɗaya zuwa Zariya, kafin mu dawo labari ya kai Dandume. Na dubi ƙanwarka Rifkatu tana 'yar shekara bakwai tana wasan gaɗa, na ce wa zai aure ta in aka ce gidansu hanji ke ruɓewa? Na ce ina kare ku ne. Sunan gida na kare, ku kuwa na bar ku a fili.

Don haka ka ji ni da kyau. Kunyar tuɓe wando ta rabin sa'a ce. Na ga gawar ubana, na ga ta ƙanena, kuma duka biyun sai da aka tuɓe su aka wanke su, ba wanda ya tambaye su ko suna jin kunya. Mutuncin da na yi ta tattali ban ga inda ya tsare kowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jahilci ya sa ni ba. Aikina ke nan. Shekarun da aka kawo mana sabon irin masara da takin zamani, ni ne ke yawo a kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan, daga nan har bayan Funtuwa, ina tara manoma ina yi musu wa'azin iri. Ina nuna musu kunya biyu na dawa a gona ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, ciyawar ƙuduji ta shanye wannan ta bar waccan. Ina ce musu bambancin ba a ƙasa yake ba, a cikin ƙwayar yake tun daga uwarta. Akwai wani Alhaji a wajen Dandume da ya ƙi sakin irin kakansa, na yi masa faɗa har na ɗaga murya, na ce taurin kai zai sa iyalinsa su kwana da yunwa. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai dai ka iya faɗa wa mutane gaskiya." Na hau babur ina jin daɗin yabon. Takardar likita tana ƙasan akwatina a lokacin, shekararta uku.

In Allah ya ba ka ilimin nan da za ka nema, ka fara gwada shi a kanka kafin ka kai wa wani. Ni na rarraba nawa a ƙauyuka arba'in, na hana gidana.

Yanzu sai nawa. Damina uku ke nan da na fara ganin jini. Na ce basir ne, zaman babur ne. Wallahi na faɗi haka, ni da na san abin da na sani. Na koma wurin mai maganin da na saya wa Tanko jiƙo, ɗansa ne ma yanzu a rumfar, na saya na ɓoye kwalbar a rumbu. Na riƙa wanke gajeren wandona da kaina, ina ce wa uwarka motsa jiki nake yi. Da kuka ce na rame, na ce ritaya ce ba ta karɓe ni ba. Makon da ka tafi, ciwon ya kayar da ni a gona, maƙwabta suka kwashe ni sai asibiti. Yau kwana shida da aka sallamo ni. Bututun da na guje wa fiye da shekara goma, an sa mini shi, kuma ko minti ashirin ba a yi ba. Ina kwance ina kallon bango ina cewa, ashe wannan ne? Wannan ne abin da na sayar da raina don kada a yi mini? Likitan na yanzu yaro ne, bai fi ka da yawa ba. Ya ce dajin ya riga ya kai hanta. Ya ba ni ƙwayoyin rage zafi, ya ce in je gida in ci abin da raina ke so. Na gane abin da yake nufi, ba yau na fara jin irin wannan magana ba.

Ba don in ba ka tausayi na rubuta wannan ba. Ni tawa ta ƙare, kuma ni na ƙarar da ita da hannuna. Zancen naka ne.

Kwana biyu kafin ka tafi, uwarka ta yi maka wanki. Ta same ni a bayan rumbu da wandonka a hannu, ta nuna mini inda jini ya ɓata shi. Ta ce, "Malam, mene ne wannan?" Na ce, "Basir ne, zaman karatu ne ke kawo shi." Ka ji fa. Sau uku ke nan ina faɗin kalmar nan a kan mutum uku, biyu na san inda ta kai su. Uwarka ta dube ni ta ce, "Haka ka ce a kan Tanko." Ta juya ta tafi.

Na raka ka tashar Funtuwa da niyyar in faɗa maka. Tun daga Kafur har Malumfashi ina shirya maganar a zuciyata, daga Malumfashi har Funtuwa ina sake shirya ta. Muka tsaya jikin motar Zariya, ana ɗaure akwatinka a sama, kana ta duba agogo. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ka riƙe addu'a, ban da abokan banza." Ka ce, "To, Baba." Mota ta tashi. Na tsaya a wurin har mai sayar da rake ya tambaye ni ko na yi ɓatan kai ne.

Ka san abin da ya ɗaure mini harshe. Kai ɗan fari ne. Tun ranar da aka haife ka ban ɗauke ka a gaban mutane ba, ban yi wasa da kai ba, ban taɓa kiran sunanka ba. "Kai" nake ce maka, ko "yaron nan", in ina magana da uwarka in ce "wancan". Haka aka yi mini, haka na yi maka, kuma mutane suna yaba mini, wai Malam Dauda akwai kara. Na bar tsafi, na bar giya, na bar yanka wa tsamiya, amma wannan ban bar ta ba, har ina alfahari da ita. To mutumin da ya kasa furta sunan ɗansa, ta yaya zai dube shi ya ce, na ga jini a wandonka? Ranar da ka ci jarrabawar shiga jami'a na shiga cikin dawa na yi kuka don murna, na fito na ce maka, "Ba laifi." Ban san ko ka taɓa sanin ina ƙaunarka ba. In Allah ya ba ka ɗa, ka ɗauke shi a tsakiyar kasuwa, ka kira sunansa da ƙarfi, wanda zai yi gulma ya yi. Ka saba masa da bakinka tun yana ƙarami, don ranar da magana mai nauyi za ta zo ta sami hanya a buɗe.

Ga takardar likitan nan ta farko na sa maka a ciki. Ta yi ja, ninkin ya kusa yagewa, amma rubutun yana karantuwa. Shekaranjiya na fito da ita na shimfiɗa gaban uwarka da Rifkatu, na faɗa musu komai. Uwarka ta yi kuka. Rifkatu ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, da a ce ba ka faɗi a gona ba, da yaushe za ka gaya mana?" Tun daga lokacin in ta kawo mini kunu sai ta ajiye ta fita. Ka san mutanen Malumfashi sun kawo gaisuwarta, an sa rana bayan Kirsimeti. Jibi uwarka za ta kai ta Zariya a duba ta, ni kuma na aika wa uban yaron cewa ina son ganinsa, zan faɗa masa da bakina. In sun fasa, sun fasa. Ina jin za su fasa. Abin da na guje wa tun tana shekara bakwai ya zo ya same ta, sai dai yanzu ya zo har da mutuwata a kai.

Abin da nake roƙonka ɗaya ne. In takardar nan ta same ka a Zariya, kada ka jira komai, asibitin yana kusa da kai, ka shiga gobe da safe. In kuma ta bi ka can, ranar da ka sauka, kafin ka nemi ɗaki, kafin ka sayi rigar sanyi, ka kai wa malaminku na aikin ɓerayen takardar likitan nan. Ka ce masa ga wani gida na uku da bai sani ba, kaka da uba da ɗa da jika. Ka ce ba ka yarda ka buɗe cikin ɓera ko ɗaya ba sai an leƙa naka. Na san ka, za ka ce sai ka zauna da gindinka, sai an fara karatu, sai hutu. Ni ma haka na ce, sai an cire auduga, sai an gama rabon taki. Jinina ne a jikinka, ina tsoron har da jinkirina ka ɗauko. Ban sani ba ko an riga an makara a kanka. Wannan tunanin ne ke hana ni cin abin da likita ya ce in ci. Ina addu'a, amma ina jin nauyin roƙon Allah abin da ya riga ya ba ni a rubuce na sa a akwati.

Kada ka dawo saboda ni. In ka ji labari, ka yi addu'a a inda kake, akwai masu haƙa rami a Kafur. Ban sa ran ganin shuka ba. Ba na neman ka yafe mini yanzu, ka bari sai likita ya gama da kai, in ka ga da sauran wuri a zuciyarka. Abin da nake so in ji kafin ƙasa ta rufe idona layi ɗaya ne, ko ta waya ce ka buga wa fasto: an duba ni.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya sa ka yi kama da uwarka a ciki, ba da ni ba. Ya sa cikin ɓerayen nan naka ku gano abin da zai hana wani uban zama inda nake zaune. Rifkatu na roƙa ta rubuta sunanka a bayan ambulan, don hannuna bai saba ba. Amma na ce ba zan rufe takardar nan ba sai na rubuta shi da kaina, ko sau ɗaya.

Iliya. Iliya, ɗana. Ka je a duba ka.

Ni ne ubanka,
Dauda Nomau.